Izhirin Kaka

Na fara ganin ciyawar ne bayan wani ruwan sama na lokacin sanyi, a kan dutsen da ke bayan gidanmu a unguwar Misfala ta Makka. Siririya ce, tana fitowa curi-curi daga tsagin dutse, iska na kaɗa ta kamar gashin amarya da aka tsefe. Kaka ta murza ganye ɗaya ta kai mini hanci. Ƙamshin lemun tsami ne gauraye da wardi, har sai da na lumshe ido.

Izhir ake ce mata a Makka, Kaka kuwa nobe take kiranta, kamar yadda ta saba a Damagaram. Ciyawar nan kaɗai aka halatta a yanka a cikin Harami, wato ƙasa mai alfarma ta Makka da kewayenta, sauran tsirrai ba a taɓa su. Kaka takan shanya ta har ta yi ja-ja, ta ƙulla damma ta kai wa mata masu ciwon ciki su dafa. Hawan dutsen nan shi ne jin daɗinta a duniya.

Sai yanar ido ta fara rufe mata gani. Baba ya tsorata kada ta yanki abin da aka haramta, ya ce, "Halas, shi ke nan, Inna, kin daina hawa."

"Da ido aka ce maka ina yanka?" in ji ta. "Kawo a gwada, sarkin tsoro."

Ranar Juma'a ya dawo daga hanyar Jidda, can bayan iyakar Harami, da ciyawa iri-iri a cakuɗe. Ya zube a tabarma. Kaka ta bi su da yatsa, tana shafa kaushin ganye, tana shinshina saiwa. Ta ware izhir gefe, ko sili ɗaya ba ta kuskure ba. Sauran ta tura masa.

"Ungo, kai wa akuya. Ko kai za ka ci?"

Baba ya yi dariya har da hawaye. Washegari shi da kansa ya wasa mata lauje.

Yau an fasa dutsen, benaye sun tsaya a wurinsa, izhir sai a leda wajen masu sayar da magani. Kaka ta makance gaba ɗaya kafin aurena, amma ba ta daina hawa ba, hannunta a kafaɗata. A shekarar da ta rasu ma, damma uku ta bari suna bushewa a kan rufi.