Gonar da Alhaji Kalilu Ya Saya Daga Jidda

Wanda ya fita daga Mai'adua ya yi arewa, ya ratsa gonakin gero har ya kai ɗan ƙauyen da ake kira Gidan Nagoggo, zai tarar da wani dattijo siriri zaune a kan keken ɗinki cikin zaure, da zabirar fata rataye a wuyansa. Wannan shi ne Alhaji Kalilu Tela. Mutanen wurin suna ganin girmansa, domin bai taɓa cin yadin kowa ba. Amma idan baƙo ya tambayi dalilin zabirar nan, sai su sunkuyar da kai suna gyaran murya.

An haifi Kalilu a cikin birnin Daura, a gidan maɗinka. Mahaifinsa gwanin aikin allura ne a kan manyan riguna. Mahaifiyarsa kuwa 'yar Gidan Nagoggo ce, sai dai Kalilu bai je ƙauyen ba sai sau biyu, duka biyun kuma yana goye. Yana da shekara ashirin da huɗu ya tafi aikin hajji. A can ya lura da yadda alhazai ke yawon neman wanda zai rage musu tsawon jallabiya, sai ya bar jirgi ya dawo ba tare da shi ba. Ya zauna a wani lungu na Jidda shekara ashirin da shida, yana ɗinki.

A waccan ƙasa baƙo ba ya fita ko sayen burodi sai da takardar izinin zama, wadda ake kira iƙama. Kalilu ya yi shekaru yana ɓuya kafin ya samu tasa. Ranar da ta shiga hannunsa ya sa wani baduku ya yi masa zabira, ya saka ta ciki, ya rataya a wuya. Ko a cikin salla, idan ya yi ruku'u ya ji zabirar ta taɓa masa haɓa, sai hankalinsa ya ƙara kwanciya. An tsayar da shi a titi fiye da yadda zai iya tunawa, kuma yawanci wanda ke tsayar da shi bai kai sa'an ɗansa ba. Saboda haka burinsa ya zama guda ɗaya: ya mallaki wuri a Nijeriya, komai ƙanƙantarsa, inda zai zauna a ƙofar gidansa babu mai ikon ce masa ya kawo takarda.

Abin da ya hana shi saye da wuri shi ne labaran da yake ji a bakin masu kawo ɗinki. Wani ya aika an saya masa fili, aka aiko masa da hoton gida mai baranda, da ya koma ya tarar gidan na wani mai kanti ne. Wani kuma ya sayi gona mai iyakar gamba, maƙwabta suka riƙa tuge ciyawar kowace damina suna dasa ta taku ɗaya ciki, har ranar da ya koma gonar ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba. Wannan labari na gamba shi ya fi zama wa Kalilu a zuciya. Yana taka keke yana tuna shi.

Da aka shiga shekara ta dubu biyu, ya ji a rediyo an ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Jihar Katsina. Ya tsayar da keke, ya ce wa maƙwabcinsa yanzu ne lokacin saye, tunda macuta sun ji tsoro. Duk da haka bai saki jiki ba.

Wanda ya zaɓa ya wakilce shi shi ne Mainasara, ɗan ƙanin mahaifiyarsa, dillalin awaki a kasuwar Mai'adua. Taubasai ne, wasa ya halatta tsakaninsu. Kalilu bai zaɓe shi don ya fi kowa amana ba. Ya zaɓe shi ne domin shi kaɗai zai iya zagi ba a kira taron dangi ba. Ya sayi kaset, ya zauna ya cika shi da magana, ya ba wani alhaji mai komawa gida.

"Mainasara, ɓarawon akuya," in ji muryar, "ka buɗe kunnenka. Sharaɗina biyar ne. Kada ka sayo mini gadon da ba a raba ba. A samu shaidu huɗu masu salla a jam'i. Mai unguwa ya buga hatimi. A aiko mini da hoto, kai ma kana ciki, don in san inda zan fara nema. Na biyar, shi ne babba: iyakar wurin ta zama abin da hannun mutum ba ya gusarwa. In ka kawo mini gamba, zan dawo in ciyar da kai ita."

Shekara biyu Mainasara yana yawo a kan babur. Ya samo fili a bayan garin Daura, Kalilu ya ƙi, domin iyakarsa gamba ce. Ya samo wani mai bishiyar aduwa a kowace kusurwa, Kalilu ya aiko cewa ba a daina ƙera gatari ba. Ya samo na uku wanda aka jera wa duwatsu, amsa ta zo cewa dutse ba shi da saiwa. A shekara ta uku sai ga kaset daga gida, muryar Mainasara cike da jin kai.

"Bawana, ka huta da kuka, na samo. Gonar Malam Sada ce a garin uwarka. Jigawa ce mai kyau, tasa ce shi kaɗai. Gabas hanyar shanu, yamma rijiya, arewa tsohuwar maƙabarta. Kudu kuwa wani ƙarfe ne, Turawa suka kafa shi da siminti tun kakanmu yana saurayi. Ba mahalukin da ya taɓa motsa shi, gwamnati ce da kanta take tsaron sa. In wannan bai yi maka ba, sai ka sayi fili a wata."

A cikin hoton, ga Mainasara ya jingina da wani dogon ƙarfe mai tsatsa yana dariya, ga jaki ɗaure a gindinsa. Kalilu ya daɗe yana duban ƙarfen nan. Ya zagaya da hoton shagunan 'yan'uwansa teloli, yana koya musu yadda mai hankali ke sayen gona daga nesa. Aka yi ciniki, shaidu huɗu suka dangwala, mai unguwa ya buga hatiminsa har ya huda takardar.

Bayan shekara guda Kalilu ya sayar da shago, ya miƙa iƙamarsa, ya yi fitar da ba dawowa. Ya sauka a Daura gidan yayarsa Barakatu. A gabanta ya cire zabirar daga wuyansa, inda igiyarta ta bar masa baƙin zane, ya miƙa mata.

"Yaya, ki zuba abin da kike so a ciki. Ni na gama da ita."

"Sai dai kanwa," in ji ta, tana jujjuya ta. "Warin zufarka ba zai bar turare ya zauna ba."

Ran Talata ya tafi Gidan Nagoggo da magina. Ya fara zuwa ya dafa ƙarfen, ya girgiza shi da ƙarfinsa duka, bai motsa ba. Ya yi hamdala. Aka ja igiya taku goma arewa da shi, aka fara haƙar harsashin gini.

Da hantsi sai ga mutum biyu a kan babur ɗaya, sanye da kakin da Kalilu bai taɓa gani ba. Babbansu ya sauko, ya yi sallama cikin ladabi, da Hausar mutanen Damagaram.

"Sannunku da aiki. Ginin wa ake yi?"

"Nawa ne," in ji Kalilu, ya gyara hula.

"Madalla, Alhaji. Mu muna son baƙi. A ba mu takarda mu gani."

Kafin Kalilu ya yi tunani, hannunsa ya riga ya kai ƙirji, ya tarar ba komai. Ya ji kunyar hannun nan. Ya ciro takardar ciniki daga aljihu ya miƙa. Mutumin ya karanta a tsanake, ya yaba kyan rubutun, ya mayar masa.

"Takarda ce mai kyau. Amma taku ce ta can." Ya nuna kudu da haɓa. "Ka ga ƙarfen nan? Tangaraho ke nan, alamar iyaka. Daga gindinsa zuwa kudu Nijeriya, daga gindinsa zuwa nan Nijar. Mu jandarmomin Nijar ne. Mai noma ya shigo da safe ya koma da yamma, ba ma ce masa komai. Mai gini da zama kuwa, sai ya zo ofis ya yi takardu."

Kalilu ya juya ya dubi Mainasara, wanda ke zaune a inuwa yana cin goro.

"Ka san da wannan?"

"Wa bai sani ba?" in ji Mainasara. "Rabin garin nan a bayan ƙarfen suke noma. Uwarka ma a nan ta yi roron wake. Kai ka ce ƙarfe, ga ƙarfe."

Gaskiyar magana ita ce babu wanda ya ɓoye masa komai. Mutanen Gidan Nagoggo a jikin tangarahon suke ɗaure jaki, mata a nan suke sauke itace su huta. Rijiyar da suke sha tana arewa da shi, masallacinsu yana kudu. Bai taɓa faɗo wa ko ɗayansu a rai cewa wannan abin faɗa ne ba.

Kalilu ya kai ƙarar Mainasara kotun shari'ar Musulunci, yana cewa ai saboda irin wannan rana aka kafa ta. Alƙali ya saurare shi har ya gama, sannan ya tambayi Mainasara abin da aka umarce shi da shi. Mainasara ya buɗe jaka ya fito da rediyo mai kaset. Kotu ta saurari muryar Kalilu na kusan awa guda, rabinta zagi, har maga-takarda ya rufe bakinsa da hannun riga. Aka ji sharaɗi biyar ɗaya bayan ɗaya. Sunan Nijeriya bai fito ba ko sau ɗaya.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Kalilu, "wannan ai ba sai an faɗa ba."

"Shi ma abin da yake cewa ke nan game da ƙarfen," in ji alƙali. "Alhaji, wanda ya sayi abu bisa siffa yana da zaɓin mayarwa idan siffar ta saɓa. Wace ce ta saɓa a cikin biyar ɗin? Ƙarfen ya motsa?"

"Bai motsa ba."

"To, ciniki ya inganta. Kuma ko da ina son in ƙara cewa wani abu a kan gonar, hurumin kotun nan a gindin ƙarfen ya tsaya."

Malam Sada, wanda ya sayar da gonar, mutum ne mai kunya. A bakin kotu ya ja Kalilu gefe, ya ce yana da wata gonar kudu da gari, cikin Nijeriya sosai, girmansu ɗaya. Idan Alhaji yana so a yi musaya, ba sai an ƙara komai ba. Kalilu ya yi masa godiya ƙwarai. Washegari suka tafi duba ta.

Gona ce mai kyau, ƙasarta ma ta fi ta farko. Kalilu ya zagaya ta sau ɗaya. Kowane gefe gamba ce ta yi layi, kore shar, iska tana kaɗa ta. Ya sunkuya ya kama tushe ɗaya ya ja kaɗan, sai ga shi ya taho da saiwarsa. Ya ɗaga kai ya ga maƙwabcin gonar tsaye da fartanya a kafaɗa yana yi masa murmushin maraba. Ya mayar da tushen cikin raminsa, ya take da ƙafa, ya karkaɗe hannu.

"Malam Sada, Allah ya saka da alheri. A bar ni da ta farko."

Daga can ya zarce Daura. Barakatu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ya zauna ya yi ta gaisuwa, ya tambayi jikokinta ɗaya-ɗaya, har ta ajiye rariya.

"Kalilu, faɗi abin da ya kawo ka."

"Zabirar nan, Yaya. Ko ba ki riga kin saba da ita ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da ita, ta zazzage kanwar a tafin hannu, ta hure cikin, ta rataya masa a wuya da kanta.

"Igiyar ma ta san gurbinta," in ji ta.

Ya yi takardun da aka nema, aka gama gini, ya kafa keke a zaure. Jandarmomin sukan biyo lokaci-lokaci. Yakan buɗe zabira ya nuna musu, su kuma su bar masa wandon da ya yage. Har yau idan wani mazaunin waje ya aiko neman shawara kan sayen fili, Alhaji Kalilu yana ba da ita da murya mai ƙarfi, kuma sharaɗinsa yanzu shida ne.

Kullum bayan la'asar yakan rufe keke, ya ɗauki tabarma, ya yi taku goma zuwa kudu. Idan ya kai ƙarfen sai ya cire zabirar ya rataya a jikinsa, ya wuce ya shimfiɗa a ƙarƙashin wani gawo da ke gonar Mainasara, a ɓangaren Nijeriya. A nan yake zama wuya sake har a kira magariba. Mainasara ya ce aron inuwar kyauta ne, muddin bawansa ba zai taɓa masa gamba ba.