Guɗar Dada Fanta

A unguwar Kumbiya-Kumbiya, in guɗa ta tashi siririya, ta yi sama ta daɗe ba ta sauko ba, ba a tambayar mai ita. Dada Fanta ce. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta, amma ba da su aka san ta ba. Tun ƙuruciya take raka 'ya'yan mutane ɗakunansu. Da ta kama hanci, harshe ya kaɗa, sai uwar amaryar da ta daure tun safe ta fashe da kuka. Da yawa waɗanda ta yi wa guɗar haihuwa, ita ta yi musu ta aure.

Bara da damina wani ɗan miki ya fito mata a gefen harshe. Ta ce cizo ne. Ta kurkure da ruwan gishiri, ta shafa zuma, ta bar yaji, har goro ta bari, miki yana nan. Su'ad, jikar da ta raina tun rasuwar mahaifiyarta, ita ta ja ta asibiti, aka gutsiri nama aka kai gwaji.

Ranar da sakamako ya fito, Dakta Lizzy ta jawo kujera kusa da ita.

"Mama, ciwon daji ne. Kuma akwai wasu siraran hanyoyi da ke kai ruwan jiki zuwa wuya, inda kaluluwa ke fitowa. Mun duba namanki, mun ga sun yi yawa a kewayen mikin. In suka yi yawa haka, muna tsoron ciwon ya bi su ya sauka. Ba hukunci ba ne, alama ce. Amma alamar na cewa a yi sauri."

Dada Fanta ta gane. Wanda ya tsufa a Gombe ya san yadda ruwan sama ke bin 'yan ƙananan hanyoyi, kafin a farga kwari ya ci bayan gida.

"Me za ku yanke, 'yata?"

"Gefen harshe, Mama. Mu kuma buɗe wuya."

"Zan yi magana?"

"Za ki yi, a hankali."

"Guɗa fa?"

Likitar ta girgiza kai.

To, an riga an sa ranar Su'ad, sai bayan Babbar Sallah, ga shi ko azumi bai kama ba. Dada ta dawo gida ta ce ba inda za ta sai an kai yarinyarta. Malam Hamman, mijinta, ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya koma zaure ya yi tagumi.

"Na cika wa 'ya'yan wasu kunne," in ji ta, "sai tawa marainiya ce za ta shiga ɗaki shiru?"

Kwanaki suna tafiya. In ta zauna murza gyaɗa, hannunta kan kai wuya yana lalube, tana zaton ba mai ganinta. Su'ad na gani.

Wata safiya Dada ta fito da buta, ta tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Su'ad na zaune, lulluɓe da mayafin mahaifiyarta, jan lalle a yatsu.

"Ke kuma fa? Aljanu ne?"

"Amarya ce, tsohuwa. Ba ni guɗata yanzu, na ga rowa kike shirin yi min."

"Ja'ira! Ina angon?"

"Ango ya jira. Wuyanki ne ba ya jira." Su'ad ta gyara mayafin. "Dada, guɗa ɗaya ce ranar biki. Ni ke nake so ranar suna."

Dada Fanta ta ajiye buta. Ta kalli yatsun nan masu lalle a kan gwiwa. Sannan ta kama hanci.

Mikin ya yi zafi kamar ta lashi garwashi, amma guɗar ta tashi, ta haye katanga, ta bi lungu. Malam Hamman ya miƙe a zaure, hula a hannu. Kafin ta sauko matan unguwa sun cika ƙofa, wata da ludayi, wata da goyo, suna ta tambayar auren wa aka ɗaura ba su sani ba.

Dada ta share bakinta da gefen zane.

"Ba aure ba ne," ta ce. "Asibiti za ni. Ku ɗauko mayafanku ku raka ni."