Sandar Bishop a Ƙofar Gidana

Ni da wani abokina tare muka koyar a wata firamare a Fulatan, shi lissafi, ni Hausa. Kirista ne, ɗan wani ƙauye a bayan Rogo. In azumi ya kama ba ya cin komai a gabanmu, sai ya zaga bayan aji da 'yar gyaɗarsa.

Wata rana ya ce mini zai ajiye alli ya tafi makarantar limaman cocin Angalikan. Na dame shi da tambaya: shekara nawa ake yi, me ake karantawa, akwai hadda irin tamu? Ya amsa wasu, sauran ya ce shi ma sai ya je ya gani.

Daga nan labarinsa sai a bakin mutane. Aka ce ya zama rabaran, an tura shi ƙauyen da cocinsu ke yoyo, da ƙafarsa ya kwaɓa ƙasar gyara. Can aka ce an ɗora shi a kan limamai da dama. Na yi ritaya, ina zaune a Karaye, na ji an naɗa shi bishop.

Da mahaifiyata ta rasu sai ga shi ranar uku, cikin riga shunayya. Ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma.

"Malam, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, ranka ya daɗe."

Ya ce in bar wannan, sunansa na nan yadda na san shi. Na kasa.

Da na raka shi mota, tare da wani dattijo Bafulatani daga Yammedi da ya zo gaisuwa, muka hango sanda mai lanƙwasasshen kai a kujerar baya. Dattijon ya nemi gani. Ya jijjiga ta, ya shafa kan.

"Wannan ba ta korar saniya," in ji shi.

"Ba ta kora ba ce, Baffa, ta jawowa ce. In tunkiya ta faɗa rami, da ita ake kamo ta."

"Garkenka na da yawa?"

"Da yawa. Kuma nawa tumakin magana suke yi."

Dattijon ya miƙa masa sandar da hannu biyu, ya ce Allah ya taya shi riƙo.

Bayan motar ta tashi muka tuna ba mu tambayi icen da aka sassaƙa ta da shi ba. Dattijon ya ce maɗaci ne, na ce ban yarda ba. Muna wannan gardama aka kira la'asar.