Mangwaron Baba a Cikin Leda

Kwanan nan na ji a rediyo wai an ƙera wata leda mai ruɓewa, ko a ƙarƙashin teku ta faɗa ƙwayoyin halitta za su cinye ta, sai dai a hankali saboda sanyin wurin. Na yi tsaki na kashe rediyon. Ina wannan ledar take lokacin da muke neman ta a garinmu Ƙarfi?

Ina sabon malamin firamare ke nan, shekarun da aka fara raba dashen itatuwa a Malumfashi. Na ɗauko wa Baba mangwaro mai aure guda ashirin a kan keke, sawu uku, kowanne tsaye cikin 'yar baƙar leda. Burinsa ke nan tun da ƙarfinsa ya fara ja baya: ya bar noman auduga, ya zauna a inuwar lambunsa.

Ranar dashe na ce, "Baba, sai an yage ledar nan kafin a sa a rami."

Ko kallona bai yi ba. "Kai, rufa mini baki. Ƙasar da ta ci fatar bijimi, ta ci ƙotar gatari, wannan 'yar shara-sharar abar ce za ta gagare ta? Ka yage, saiwar ta sha iska ta mutu?"

Duk abin da Baba ya taɓa binnewa a duniya, kwando ne ko tsumma ko ganye, ruɓewa yake yi. Na sake magana, ya ce boko ya koya mini surutu. Na ƙyale shi, raina a ɓace, har na taya shi turbuɗe su da hannuna.

Damina uku, mangwaro bai wuce gwiwa ba. Baba ya zargi gara, ya zargi awakin maƙwabta, ya zuba toka, ya yi ta jidar ruwa da rani har bayansa ya riƙe. Da takwas suka bushe a jere, na ɗauki fartanya ban nemi izinin kowa ba na tono ɗaya. Ledar tana nan garau, ko ƙwarzane babu. Saiwar ta yi ta zagaye a ciki har ta dunƙule kamar gammo.

Na miƙa masa, ina jira ya ce ashe da gaskiyata. Ya daɗe yana juya ta a hannu.

"Kai da ka sani," in ji shi, "me ya hana ka matsa mini? Damina uku fa. A shekaruna, wa zai maido mini da su?"