Moɗa Mai Jan Zare

Ranar ɗaya ga Oktoban 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce ranar da aka cire hannuna daga tiren abincin gidanmu. Maza sun cika soron gidanmu a unguwar Soron Ɗinki, Baba ya soke allurarsa a jikin rigar da yake wa aiki, kowa ya kasa kunne ga rediyo. Mu yara mata shida muna tsakar gida mun kewaye tiren shinkafa da wake. Na miƙa hannu ke nan sai kakarmu Iya ta riƙe ni, ta juya fuskata wajen rana, ta daɗe tana duban kumatuna. Can ta ce wa mahaifiyata, "A zuba wa Binta nata daban." A soro ana ta tafi da sowa, ni kuwa ina bakin rijiya da 'yar langa a cinya. Shekarata tara.

Abin ya samo asali ne tun tsakiyar damina. Wasu ƙuraje suka feso min a kumatu da damtse, suka kumbura, suna ƙaiƙayi kamar na cire fatar. Ni kuma ba ni da haƙuri, na yi ta susa har suna ruwa. Da suka warke sai wurin ya yi fari-fari, ya fita daban da sauran jikina, ga ni baƙa wuluk, ba dama ya ɓuya. A wancan zamani farin tabo fassara ɗaya gare shi a lungunmu. Ba wanda ya furta kalmar kuturta a gabana, "ciwon nan" kawai ake cewa, a rage murya. Amma ni ba yarinyar goye ba ce, na sha ganin masu dungulmin hannu a hanyar Kasuwar Kurmi. Kowace safiya sai na ƙirga yatsuna. Iya ta tsinko jan zare daga kayan ɗinkin Baba ta ɗaura a hannun wata moɗa, ta zama tawa ni kaɗai.

Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya dake ni, kuma wallahi da dukan ma ya fi min sauƙi. Wanke-wanken da nake ƙorafi a kai aka ɗauke min, har na riƙa kewarsa. Idan an tafi kai niƙa ba a kirana. A makarantar allo sai na tarar da fili a dama da haguna. Rakiya, 'yar baffana, wadda muke 'yar carafke tare har a neme mu da bulala, ta koma ajiye min duwatsun a ƙasa maimakon ta miƙo min a hannu. Da la'asar in 'yan mata sun fara gaɗa a ƙofar gida, ba mai yarda na faɗa hannunta, sai na hau saman soro ina leƙe, ina bin waƙar a ciki.

Iya ba muguwa ba ce, tsoro ne da gaggawa. Ta daka tafarnuwa da toka, ta matsa lemon tsami, ta riƙa goga min a damtse tana cewa, "Daure, yanzu zai gudu." Bai gudu ba. Wurin ya ƙone, ya sake kumbura, da ya warke kuma sai ya yi baƙi ƙirin, ya fi ni kaina baƙi. Na tashi da launi uku a jiki ɗaya.

Wannan ne ya sa Baba, mutumin da ba ya sa baki a harkar cikin gida, ya ɗora ni a keke zuwa asibiti. Wani malamin asibiti mai furfura ya ce na rufe ido, ya riƙa taɓa tabon da ɗan ƙullin auduga, duk inda ya taɓa sai na nuna. Ya yi dariya ya ce, "Malam, tabon kuturta ba ya jin taɓi. Wannan sawun kumburi ne. In fata ta sha wahala, wani wurin launinta ya ja baya, wani wurin ya yi yawa. Ku ƙyale ta, zai dawo da kansa. A daina goga mata komai."

Da za mu dawo, a kan keken nan har waƙa na yi. Baba ya faɗi bayanin a tsakar gida da babbar murya, Iya ta yi hamdala har da hawaye. Da azahar na wanke hannu na zauna a tire kusa da Rakiya, ba wadda ta hana ni. Sai da cin ya yi nisa na lura: kowacce ta cinye gabanta tas, amma an bar wani ɗan tudun shinkafa ya zagaye inda hannuna ke shiga. Ba wadda ta taɓa shi. Aka kwashe aka zuba wa kaji. Washegari ni da kaina na ɗauko langata, kuma ba wanda ya ce na mayar.

Launin ya dawo a hankali, yadda malamin ya faɗa. Kafin wata daminar farin ya ɓace, baƙin ne ya ɗan daɗe. Ba wanda ya lura da ranar da na warke, zaren moɗar ma ruɓewa ya yi ya faɗi da kansa.

Kwanan baya jikata ta yi irin tabon nan a goshi. Uwarta ta kai ta asibiti da safe, da rana tana cikin 'yan'uwanta suna wawason taliya a kwano ɗaya, ba wanda ya ko kalli goshin. Na ji daɗi. Yau gidan Soron Ɗinki an raba shi, Rakiya ta rasu ba mu taɓa tada zancen ba. Ni kuwa har yanzu in aka ajiye tire a gidan biki, sai na ɗebi nawa a gefe, a ce ina da tsantseni. Fatata ta manta tun tuni, hannuna ne bai manta ba.