Ranar da Aka Karɓe Faifan Goro

Da, a Zangon Kumasi, idan ana suna ba kowa ake miƙa wa faifan goro ya raba ba. Sai wanda ya san unguwa ciki da waje: wa ya girmi wa, wa ke fushi da wa, wane ne baƙo. Yanzu kuwa fasfo ake dubawa.

Mai raba mana goro abokina ne, tsohon makanike a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota. Hannunsa baƙi ƙirin da man inji, amma bai taɓa tsallake mutum ba. In ya ga mutum biyu ba sa magana da juna, sai ya ɓare goro ɗaya ya ba kowa ɓari a gaban jama'a, dole su karɓa. Ba shi da gida nasa, bai je hajji ba. Faifan nan shi ne duk girmansa a duniya.

Na zauna a Abidjan, na yi shekaru a Khartum da Jidda, na ga masu bin mai kuɗi iri-iri. Amma ban ga inda ake rusuna wa mutum don kawai ya hau jirgi kamar garinmu ba.

Wata safiya aka yi suna a gidan maƙwabcinmu. Ƙanen maigidan ya dawo daga Jamus, irin waɗanda muke kira boga, yana ta ƙamshin turare. Da liman ya gama addu'a, abokina ya miƙe yana naɗe hannun riga kamar kullum. Maigidan ya riƙe faifan.

"Baba, yau ka huta. Boga ne zai raba."

"To, ya san mutane?"

"Haba Baba, mutumin da ya zauna a Jamus!"

Na ce, "Su Jamusawan goro suke ci?" Ba wanda ya yi dariya. Sun ajiye dariyarsu sai boga ya yi magana.

Boga ya bi masu shadda. Mai riga mai sheƙi ya sami cike da hannu, ladan ya sami ɗaya, wani dattijo makaho da ke bakin ƙofa ko ɗaya bai samu ba. Mutanen da suka shekara suna kiran abokina uban unguwa su ne ke cewa, "Kai, ka ga tsari irin na Turai!" Da boga ya iso gun abokina sai ya jefa masa ɗaya a cinya, yana amsa waya.

Abokina ya tashi ya damƙa wa makahon nasa goron, ya sa takalmi ya nufi tashar motocin haya da muke kira trotro.

Na ɗauka dattawa za su bi shi su ba shi haƙuri. Babu wanda ya je. A suna na gaba wani da ya dawo daga Amurka aka ba. Daga baya su ma bogan suka gaji da aikin, sai aka koma ƙulla goro da alewa a leda, a zuba a kwando, kowa ya wawura.

Abokina yana zuwa suna har yanzu, a baya yake zama. Ba a sake miƙa masa faifai ba, kuma unguwarmu ba ta da mai raba goro.