Amyoyin da Baba ya ƙi saukewa

Bana shekara arba'in ke nan da muka rufe Baba, Malam Garba Mai Katako, a maƙabartar Birnin Gwari. Ni ce babbar 'yarsa, na tsufa har na fi shi shekaru, amma duk sanda gingimari ta wuce ƙofar gidana da gumagumai, sai in ji kamar zan juya in tambaye shi ko ya gani.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, Baba ne wakilin wani kamfanin katako na Turawa a dajinmu. Aikinsa ya shiga daji da gwangwanin jan fenti ya shafa wa madacin da ya isa sara, masu zarto su biyo baya, a kai gumaguman tashar jirgin ƙasa, daga nan sai bakin teku. Kamfani ya ba shi babbar mota. A unguwarmu gidanmu ne ya fara kwano, ni kuma na fara zuwa makaranta da takalmi, ina taku kamar 'yar gwamna.

Wata shekara lasisin kamfani ya kai wani kurmi a wajen Kazage, inda idon ruwan wani ƙauyen Gwarawa yake. Mutanen ƙauyen sun san muddin aka sare inuwar, ruwan zai bi ta. Ba su da lauya, ba su san ƙofar ofis ba, amma akwai abin da kowa ya sani a ƙasar nan, Bahaushe da Bagwari: itacen da aka rataya wa amyar zuma ba a sa masa gatari sai mai amyar ya sauke ta da hannunsa. Saboda haka wani dattijonsu, Tsoho Ayuba, ya sa aka saƙa amyoyi aka ɗora wa kowane madaci da ke kewaye da ruwan.

Baba ya je, ya ɗaga kai, ya dawo da fentinsa ko buɗewa bai yi ba. Manajan kamfanin ya taso daga Kaduna, ya sa aka sauko da amya ɗaya, aka tarar babu ko ƙudan zuma ɗaya a ciki. Ya ce wannan ai wayo ne, kuma takarda ta ba kamfani kurmin.

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, na san wofi ce. Amya ko babu zuma magana ce. Mutanen nan cewa suke kada a sare, kuma ni na ji."

Kafin damina ta faɗi aka karɓe motar, aka ba wani kwangilar. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sabon wakilin kuwa bai tsaya kallon sama ba. A rani guda aka gama da kurmin. Ba a jima ba idon ruwan ya koma taɓo, taɓon ya bushe, matan ƙauyen suka koma yini a hanyar rafi, wasu gidajen suka tashi gaba ɗaya.

Wannan ne ke ci min rai har yau. Baba bai ceci ko itace ɗaya ba. Ya koma noman dawa, ƙannena biyu suka bar makaranta, ya yi jinyar ajalinsa a kan tabarma. Inna, Allah Ya ji ƙanta, ba ta taɓa ɓoye fushinta ba. Takan ce masa, "Malam, kai dai inuwar giginya ne, na nesa ka sha ka." Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ci gaba da jan carbi. Ni ma akwai ranakun da nake bayan Inna, don yunwa ba ta jin wa'azi.

Ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Madacin ya ƙare, an koma kan madobiya, ana loda ta zuwa ƙasashen da masu saran ba su iya faɗin sunansu ba. Abin da ya rage ana mai da shi gawayi. Mai saye yana can bayan teku, bai taɓa ganin kututturen ba, balle matar da ke neman ruwa a gefensa. Wani kamfanin yakan haƙa rijiyar burtsatse guda, ya kafa allo mai sunansa wanda ya fi rijiyar tsada, a yi hoto a watse. Kowa da takardarsa a hannu, kowa yana cewa bai karya doka ba. Da Baba yana nan, na san tambaya ɗaya zai yi: kun tambayi masu wurin? Dajin da ya yi ta ratsawa da keke shi kaɗai, yau ko da rana tsaka sai da addu'a ake bin hanyarsa.

Me ya rage na Baba, ban da gidan da kwanonsa ke yoyo? Tun shekarar da aka karɓe motar, Tsoho Ayuba yakan kawo mana tulun zuma duk kaka. Da ya rasu ɗansa ya ɗauka, yanzu jikansa Bulus ne ke zuwa. Tulu ya koma galan, galan ya koma kwalba. Bana Bulus ya iso bayan ya yi kasadar hanya, ya durƙusa a zaure yana ta murza hula.

Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Babu itacen da za mu rataya amya. Na ce gara in zo hannu wofi da a ce ba mu zo ba."

Hawaye suka zubo mini. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Baba, ga baƙonka ya zo babu zuma, kuma na ji abin da yake faɗa. Allah Ya ji ƙanka, Ya sa Aljanna ce makomarka.